Faranti, fili da ƙungiya: rabin jami'ar da ɗan Tambuwal da Kebbe ba ya samu

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, na san ka ci karo da irin bidiyon nan. Ɗalibi ne a Harvard ko Oxford, ko ma a nan gida a Nile ko Baze da ke Abuja, ko jami'ar Amurka ta Yola, ya ɗaga waya yana nuna maka yadda yininsa ke tafiya. Ya tashi da safe ya wuce wajen motsa jiki, ya shiga ɗakin cin abinci ya ɗauki faranti ya zaɓi abin da ransa ke so, da la'asar ya tafi atisaye, da dare kuma taron wata ƙungiya. Lakca kuwa da ƙyar take samun daƙiƙa biyar a cikin bidiyon. Mu kuma a ƙasa sai mu rabu gida biyu: masu cewa "Allah Ya ba mu", da masu cewa "waɗannan ai hutu suka je, ba karatu ba".

Ni a ganina duk ɓangarorin biyu ba su kalli abin da kyau ba. Wancan faranti da wancan fili da waccan ƙungiya ba ado ba ne a jikin karatun. Su ne hajar da ake sayarwa da tsada. Kuma su ne ainihin abin da yaron da ya taso daga Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi ya fi rasawa idan ya samu gurbi a jami'ar gwamnati, ba tare da ya ma san ya rasa wani abu ba.

Ga hujja mai sauƙi. Darasin kwamfuta na Harvard da ake kira CS50 yana nan kyauta a YouTube, duk mai data zai iya kallo daga Jabo. Jami'ar MIT ta fi shekara ashirin tana zuba darussanta a intanet ba ko kwabo. To ka taɓa jin sun raba kujerar ɗakin cin abincinsu kyauta? Abin da mutum ke rabawa a banza da abin da yake kullewa, ai kai ma ka san wanne ya fi daraja a wajensa.

Duba yadda suka tsara abin. A Princeton akwai wani layi da wasu gidaje suke jere, ana ce musu kulob ɗin cin abinci. Ɗaliban aji uku da huɗu da dama a can suke cin abincinsu, wasu gidajen kuma sai an yi maka tambayoyi an tace ka kafin a karɓe ka, kamar mai neman aure. A Yale akwai ƙungiyar Skull and Bones tun 1832, kuma a zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2004, George Bush ƙarami da abokin takararsa John Kerry duk 'yan wannan ƙungiya ne. A Oxford, David Cameron da Boris Johnson, waɗanda dukansu suka zama firaministan Birtaniya, sun yi zama a kulob ɗaya mai suna Bullingdon. Ita kanta Facebook ɗin da wataƙila ta nan ka shigo wannan shafi, a ɗakin kwanan ɗalibai na Harvard aka fara ta a Fabrairun 2004, tsakanin abokan ɗaki. Kai, har sunan Ivy League da ake kiran jami'o'in nan takwas da shi, asalinsa sunan gasar wasanni ne da suke yi a tsakaninsu.

Kada ka ɗauka yabonsu nake. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi an gina su ne don a ware talaka da baƙar fata da mace. Wasu gidajen abincin Princeton sai a 1991 suka fara karɓar mata, shi ma bayan shari'ar da wata ɗaliba ta shigar. A 2019 aka bankaɗo badaƙalar da masu kuɗi a Amurka ke biyan cin hanci a rubuta 'ya'yansu a matsayin 'yan wasa don su samu gurbi, alhali wasu ko filin ba su taɓa takawa ba. A 2023 kuma masana tattalin arziki uku, Raj Chetty da David Deming da John Friedman, suka fitar da bincike da ya nuna cewa ɗan gidan da ke cikin kashi ɗaya bisa ɗari na mafi arziki ya fi ɗan mai matsakaicin hali damar shiga waɗannan jami'o'i fiye da ninki biyu, ko da makinsu na jarrabawa ɗaya ne. Dalilan da suka gano: fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, gurbin 'yan wasa, da makin da ake ba wa abubuwan da yaro ya yi a wajen aji. Wato dai su ma akwai "wa ka sani", sai dai tasu an sa mata kwat.

Amma akwai wani binciken na Chetty da abokan aikinsa, na 2022, wanda ya fi shafar mu. Sun duba abota a Facebook ta mutum sama da miliyan 70 a Amurka, suka ga cewa cikin abubuwan da suka fi nuna ko ɗan talaka zai ɗaga idan ya girma, akwai yawan abokan da yake da su daga gidajen masu hali. Ba yawan abokai ba fa, abokai daga wani matakin da ba nasa ba. To a ina irin wannan abota ke ƙulluwa? Ba a ɗakin lakca mai mutum ɗari biyar ba, inda kowa ke ƙoƙarin jiyo muryar malami. A kan abinci take ƙulluwa, da filin wasa, da wajen shirya wani taro da dare ya yi ba a gama ba.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne mu ma a Arewa mun taɓa samun irin wannan tsari, kuma mun ga amfaninsa. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta koma Kaduna, daga baya ta zauna a Zariya da sunan Barewa, ita ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Umaru 'Yar'aduwa, da maƙwabcinmu Shehu Shagari, wanda garinsa ke kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato. Makarantar kwana ce: ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, fili ɗaya. Wasan fives da Turawa malamai suka kawo daga makarantar Eton ta Ingila, wanda ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, Sardauna ya riƙe shi har girmansa, kuma har gobe ana buga shi a Sakkwato da Katsina da Birnin Kebbi. Mutanen da suka riƙe Arewa shekaru da dama sun san juna tun suna gajeren wando. Za ka iya cewa hakan ya haifar da 'yan gata da suka kankane komai, kuma ba za ka yi ƙarya ba. Sai dai da yawansu 'ya'yan ƙauye ne da makarantar ta ɗauko ta zaunar a tebur ɗaya da 'ya'yan sarakuna.

Haka jami'o'in ma. Tambayi duk wani dattijo da ya yi Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, kafin ya ba ka labarin lakca zai fara da labarin kafteriya: tikitin abinci, shayi da burodi da safe, kaza ranar Lahadi. A watan Afrilun 1978, da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, ƙasar nan sai da ta girgiza. Ita ce zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, ana neman ya sauka. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa da Segun Okeowo ke jagoranta. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta zare hannunta daga ciyar da ɗalibai gaba ɗaya. Tun daga nan kowa ya koma tukunyarsa.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin labarin yunwa, kuma haka ne. Amma an yi wata asarar da ba a cika lissafawa ba. Ranar da aka rufe kafteriya, ranar aka rufe wuri ɗaya tilo da ɗan minista da ɗan manomi ke bin layi ɗaya sau uku a rana.

Yanzu dubi yadda abin yake. Wanda gidansu ke da hali, in ma bai tafi jami'ar kuɗi ba, yana cin abinci a gidan abinci mai sanyi a cikin gari, ko a aiko masa daga gida. Wanda ya zo daga Kebbe da buhun gari da ƙuli-ƙuli da ɗan manja a galan, yana ɗaki yana jiƙa garinsa, in an samu sarari a dafa garau-garau a kan risho ko ƙaramar tukunyar gas, shi da 'yan garinsu uku. Rancen ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024 yana ba da naira 20,000 a wata na kashewa. Raba ta gida talatin, ba ta kai 700 a rana ba. Kai ka san nawa ake sayar da kwanon shinkafa da wake a bakin makaranta tun bayan cire tallafin mai a 2023, ba sai na faɗa maka ba. Wannan kuɗi zai hana ka faɗuwa a aji, amma ba zai kai ka teburin kowa ba. Sai ka ga yaro ya yi shekara huɗu a jami'a, ko biyar in yajin aiki ya gitta kamar na wata takwas da ASUU ta yi a 2022, ya fito da digiri, amma lambobin da ke wayarsa duk na mutanen da ya sani tun sakandare ne.

A nan ne nake son mu taɓa wani abu da ke da ɗan nauyin faɗa. Kusan dukanmu da muka fito daga wannan yanki, da nasiha ɗaya aka sallame mu a tasha: "Abin da ya kai ka shi za ka yi. Ban da ƙungiya, ban da yawan abokai." Iyayenmu ba su yi laifi ba. Sun ji labarin ƙungiyoyin asiri a jami'o'in Kudu, waɗanda tushensu ya faro daga wata ƙungiya da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 da niyyar yaƙar girman kai da ƙabilanci, daga baya wasu suka ɓalle abin ya rikiɗe ya koma sara da harbi. Sun ji labarin ƙwaya. Ga 'ya mace kuma tsoron ya ninka. Uban da ya sayar da buhunan gero ko ɗan bijimi ya biya kuɗin rajista yana da haƙƙin ya ji tsoro.

Sai dai nasihar tana da farashi, kuma mu ke biya. Yaron da ya bi ta sau da ƙafa, daga ɗaki sai aji sai masallaci sai ɗaki, yana iya fitowa da sakamako mai kyau, amma bai taɓa tsayawa gaban mutum hamsin ya yi magana ba, bai taɓa rubuta wasiƙar neman tallafi ba, bai taɓa riƙe kuɗin jama'a ya ba da lissafi ba, bai taɓa yin gardama da wanda ba addininsu ɗaya ba suka rabu lafiya. Ranar da za a kira shi ganawar neman aiki a Abuja, waɗannan za a duba. Shi kuwa ɗan Baze an riga an koya masa su, an kuma sa kuɗinsu a cikin kuɗin makaranta.

Ke kuma 'yar'uwa, naki ya fi tsanani. Makarantar 'yan mata ta gwamnatin tarayya da ke Tambuwal na cikin 'yan wuraren da yarinya daga wannan yanki ke iya zama ɗaki ɗaya da 'yar wata jiha, su ci abinci tare, su yi gasar gidaje tare. A watan Nuwamban 2025, bayan sace ɗalibai a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja, tana cikin makarantun tarayya sama da arba'in da aka ba da umarnin rufewa na wani lokaci. Babu mai hankalin da zai ce a bar yara cikin haɗari. Amma ki lura da abin da rashin tsaro ke fara ci: makarantar kwana. Darasi ana iya ramawa, ana iya turo shi ta WhatsApp. Zaman tare ba a turo shi. Iyaye a ƙauyukan Kebbe da ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, da wuya ka shawo kansu su bar 'yarsu ta yi nisa, balle a ce ta tsaya atisayen ƙwallon raga bayan la'asar. A jami'a ma, sau nawa kika ga an ware wa mata lokaci ko rufaffen wuri na motsa jiki da za su sake a cikinsa da shigarsu ta mutunci? Kuɗin wasanni kuwa da ke cikin takardar rajista, ba a rage wa mace ko sisi.

Tunda mun zo kan wasanni, bari in ba ka misali ɗaya da ke nuna ba sai an yi arzikin Harvard ba. A Zariya, wani koci Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya shafe shekaru yana koyar da ƙwallon kwando a filin Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya taso a Zariya, ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors, ta kuma ci kofin NBA a 2019 a ƙarƙashinsa. Fili ne na siminti da ƙarfe biyu da mutum ɗaya da ya ƙi gajiya. Gasar jami'o'in Najeriya ta NUGA tana nan tun 1966, amma tambayi abokanka goma yaushe aka yi ta ƙarshe, ka ga ko mutum biyu za su sani. Su kuwa sakamakon Arsenal da Barcelona ko cikin barci aka tashe su za su faɗa. Yankin da ke da 'yan kokawa da 'yan dambe da yaran da ke taka ƙwallo ba takalmi har magariba, a ce jami'o'insa ba su da wata gasa da ake jira duk shekara, ai da sake.

Ba wai babu komai ba ne. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 kuma ita ce ta yaye mutane da dama daga yankinmu, ciki har da Aminu Waziri Tambuwal da ya karanta shari'a a can, ƙungiyoyin 'yan jaridar harabar makaranta irin su Pen Press sun yi suna a ƙasar nan. Ɗalibai ne da ba a biyansu, wasunsu ma ba aikin jarida suke karanta ba, suna rubutu suna gyara wa juna, kuma da dama daga cikinsu sun wuce manyan kafafen labarai ta wannan hanya. A matsayina na mai karanta aikin jarida, wannan ne kulob ɗin da ya fi kama da na Princeton a wajena, sai dai shi ba a tambayar waye babanka. Haka ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, da ke nan tun 1954: duk wanda ya taɓa shirya mata taron makon shekara ya san yadda ake neman ɗakin taro da lasifika da baƙo mai jawabi da kuɗin ruwa. Akwai ƙungiyoyin muhawara, da na sashe-sashe, da na masu ba da agaji. Ƙofofin a buɗe suke. Mu ne aka ce kada mu shiga, muka kuwa ƙi shiga.

Wadda muke shiga ba gardama ita ce ƙungiyar ɗaliban garinmu ko ƙaramar hukumarmu, kuma a nan nake da ƙorafi. Na zauna a irin waɗannan taruka. Rabin lokaci ana gardamar wa zai zama shugaba, sauran rabin ana tsara yadda za a kai wa wani ɗan siyasa ziyarar ban girma da allon yabo, a dawo a raba abin da ya bayar a rabu da rigima. Bayan Sallah a yi walima, a ɗauki hotuna, shi ke nan sai baɗi. Alhali wannan ƙungiya ita ce ta fi kowacce damar zama gada. Kebbe da Tambuwal mazaɓa ɗaya ce a majalisar wakilai. Tana da likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da jami'an kwastan da 'yan kasuwa a Sakkwato da Kaduna da Abuja da Legas. Wace ƙungiyar ɗalibai ce ke da jerin sunayensu da fannin kowa? Wacce ce ta taɓa haɗa ɗalibin aji uku a fannin lissafin kuɗi da ɗan garinsu da ke aiki a banki, ba don ya ba shi na kati ba, don ya duba masa takardar neman aiki ya faɗa masa inda ake ɗaukar masu sanin makama? Tsofaffin ɗaliban Barewa ba da allon yabo suka riƙe juna ba.

Ka ga kuma ita kaɗai ba ta isa ba, don in ka tsaya a cikinta, ka koma wancan ɗakin na 'yan garinku uku da tukunyar garau-garau, sai dai an ƙara kujeru. Binciken Chetty ba cewa ya yi ka ƙara abokai irinka ba.

Su ma hukumomin jami'o'in da gwamnatoci akwai tambayar da ya kamata mu riƙa yi musu. Duk harabar da ka shiga za ka ga sababbin gine-gine da tambarin TETFund, ɗakunan lakca da ofisoshi. Madalla. Amma ɗakin cin abinci mai rahusa, wanda jami'a za ta sa ido a kan farashinsa ta sayo hatsi kai tsaye daga manoma lokacin kaka, a jihar da ke noma shinkafa da gero da wake da albasa, wannan ba ya cikin lissafin kowa. Ba cewa nake a dawo da kazar Lahadi ta 1975 ba, yawan ɗaliban yanzu ya wuce nan. Cewa nake abinci sau ɗaya a rana a wuri ɗaya, a farashin da mai naira 20,000 zai iya, ba abin da ya fi ƙarfin jami'a da gwamnatin jiha ba ne in sun ɗauke shi a matsayin ɓangaren karatu. Masu neman kujerar majalisa daga yankinmu da ke raba fom ɗin JAMB kyauta duk shekara, a tambaye su: bayan yaron ya shiga fa?

Kafin nan, ɗauko takardar biyan kuɗin rajistarka ta bana ka karanta ta layi-layi. A yawancin jami'o'i za ka ga kuɗin wasanni, ka ga kuɗin ƙungiyar ɗalibai. Ninka su da yawan ɗaliban makarantarku. Sannan ka je ofishin kula da harkokin ɗalibai, ko ka tare wakilin sashenku a majalisar ɗalibai, ka tambaya cikin ladabi: ƙwallo nawa aka saya bara, wace gasa aka je, kuma wace rana ce ta mata a filin.